Shafin rigar matan kasuwar Filandas: lilin, ulu ko layinin roba?

Ummu Khalil: Assalamu alaikum 'yan gida, barkanmu da warhaka. Shawarar manya nake nema. Wata ƙungiya a unguwarmu nan Gent, a yankin Filandas na ƙasar Beljiyam, za ta yi wasan tarihi a watan Yuli, kowa zai fito da shigar mutanen ƙasar ta wajajen 1560. Ni an ba ni matsayin mai sayar da kayan lambu a kasuwa. Ga wanda bai san shigar ba: daga ciki farar shimi ce ta lilin, sai doguwar riga mai kama jiki daga ƙirji zuwa ƙugu, sannan rigar sama wadda gabanta a buɗe yake, ana zarga masa igiya. Bujen rigar saman akan ɗage shi a mayar da shi baya a soke, sai cikinsa ya fito fili. Na sayi ulu mai ruwan ƙasa mita 5 na rigar saman. Shafin, wato yadin da za a sa mata daga ciki, shi ne ya tsaya mini. Ina da layinin roba irin wanda muke sa wa leshi, ina da akoko da na zo da shi daga gida, lilin kuma akwai shi a nan amma kuɗinsa ba wasa. Wanne zan sa?

Sani Dizaina: Wa alaikumus salam Anti. Sa na roba ki huta. Wa zai ɗaga miki riga ya duba? Wasan yini ɗaya ne fa.

Ummu Khalil: Sani ka karanta har ƙarshe kuwa? Ni da kaina zan ɗaga ta. Haka ake sa rigar.

Sani Dizaina: Af, to na janye rabin maganata. Rabin kawai.

Baba Tela Fagge: 'Yata, kafin a je ko'ina, ɗauke wannan na robar ki ajiye shi gefe. Ulu da roba ba sa zaman lafiya. Ulu yana shan iska, yana sakin jiki, roba kuwa tana nan yadda kika yanka ta. Bayan an sa rigar sau biyu za ki ga saman ya sauko, cikin ya riƙe shi, ƙasan buje ya yi kumburi. Ga santsi. Duk abin da kika soke a ƙugu zai zame ya dawo. Ki turo mana hoton irin rigar mu gani tukuna.

Rukayya A.: Baba bari in taimaka, a Antwaf, nan Beljiyam, nake karatun zanen tufa, kuma waɗannan hotunan su muke ta kallo a bana. Anti, wannan shigar kusan duk abin da aka sani game da ita daga zanen mutum biyu aka samo shi: Pieter Aertsen, wanda aka haifa a Amsterdam ya yi aiki a Antwaf, da almajirinsa Joachim Beuckelaer. Ki nemi zanen Aertsen na mai dafa abinci, na 1559, yana Brussels, da na mai sayar da kayan lambu, na 1567, yana Balin. Na Beuckelaer kuma akwai manya guda huɗu a National Gallery ta Landan, na 1569 da 1570, cike da matan kasuwa da na kicin. Ki zuƙo hotunan sosai ki dubi inda buje ya naɗe. Sau da yawa launin ciki daban yake da na waje, kuma launi ne mai ƙarfi, ba fari ba. Wannan shi ne abin da ya kamata ya yanke miki shawara.

Hajiya Mai Yadi: Rukayya 'yar albarka, to mene ne yadin? Mu a Kwari in ka ce mana launi ba ka ce komai ba.

Rukayya A.: Hajiya, a ganina ulu ne marar nauyi. Dalilina rini. Lilin ba ya karɓar rinin itatuwa da saiwoyi da sauƙi, ja da rawaya suna fitowa a kansa a koɗe, kuma wanki kaɗan ya tafi da su. Ulu kuwa yana shan rini ya ƙoshi. Jan da suke da shi a lokacin yawanci daga saiwar wani tsiro ne da ake nomawa a Zeeland, nan kusa da su. To in kin ga ja jawur ko kore shar a cikin bujen mai sayar da kifi, da wuya a ce lilin ne. Shuɗi ne kaɗai lilin yake karɓa da kyau, don ganyen da suke rinin shuɗi da shi sinadarinsa ɗaya da na babanmu na marina.

Baba Tela Fagge: To ai wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Babbar riga ta da, ta saƙi, in an zo bakin ƙasa da bakin hannu ana yi mata shafi da alharini mai launi, don in mai ita ya tattare hannu ya ɗora a kafaɗa a gani. Mai riga bai biya kuɗin shafi don ya ɓoye shi ba. Amma ku lura, ba duk cikin rigar ake shafewa ba, inda ido zai kai ne kawai. Ki riƙe wannan, 'yata, zai rage miki kuɗi da nauyi.

Hadiza Maraɗi: Ni fa ina da ja a nan. Na duba hotunan da Rukayya ta ambata. Ta yaya kuka tabbatar shafi ne? Mace ce sanye da riga kan riga. In ta ɗage ta sama, ai ta ƙasan ce za ta bayyana. Mai yiwuwa abin da kuke kira shafi bujen ciki ne kawai.

Rukayya A.: Yaya Hadiza a wasu zanen haka ne, kuma masu ɗinka irin waɗannan kaya sun daɗe suna wannan gardamar. Amma a wasu za ki ga launi uku a jere: na wajen rigar sama, na gefen da ya juyo, sannan na rigar ƙasa. Na tsakiyar nan yana bin naɗin rigar saman duk inda ya lanƙwasa. Bujen ciki ba zai hau sama ya bi naɗin ba.

Hadiza Maraɗi: Na yarda da wannan. Saura ɗaya. Mai zane ai ba mai ɗaukar hoto ba ne. Attajirai ne ke sayen zanen nan su rataye a ɗakin cin abinci. In mai zane ya ga ja zai yi kyau kusa da kabeji, ja zai sa, ko da matar tsumma take sanye da shi. Kun ga kayan lambun da ke gabansu? Na damina da na rani duk a tire ɗaya. Wanda ya yi wa kabeji haka zai yi wa riga.

Rukayya A.: Wallahi wannan magana ce, malamanmu ma suna faɗinta. Kuma ba mu da rigar da za mu ɗauko mu kashe gardamar, don kayan talaka ba sa kai wa gidan tarihi. Ana sa su har su mutu, a rage wa yara, a sayar wa 'yan gwanjo, tsumman lilin kuma a kai shi inda ake yin takarda. Abin da ya tsira na sarakuna ne da na coci. Sai dai duk da haka, yadda aka harhaɗa rigar, igiyar gaba, hannayen da ake maƙalawa da fil a kafaɗa, ɗage buje, suna maimaituwa a zane da yawa, har da na Bruegel da ke zana mutanen ƙauye. Launin ana iya ƙara masa gishiri, tsarin dai da alama na gaske ne.

Sani Dizaina: Kun ga ni ko? Tunda ba wanda ya ga rigar da idonsa, Anti sa atamfa ma. Holan ce, ai maƙwabta ne.

Hajiya Mai Yadi: Sani Allah ya shirye ka. Kamfanin Holan ɗin ma sai 1846 aka kafa shi, kusan shekara 300 bayan matan nan sun kwanta dama.

Ummu Khalil: Hajiya rabu da shi. To yanzu na gane na buje. Na jiki fa, daga kafaɗa zuwa ƙugu? Shi ma ulu?

Baba Tela Fagge: A'a. Nan aiki ne daban. Shafin buje ado ne da kare baki daga ƙura. Shafin jiki shi ke ɗaukar wahala. Duk jan da igiya za ta yi, da nauyin bujen da ke rataye, a kansa yake. Ulu shi kaɗai in an ja shi miƙewa yake, yau ya yi miki daidai, gobe gefe biyun gaba sun haɗe. Ana son yadin da ba ya miƙewa ko kaɗan. Falle uku za ki yi: ulun a waje, mai kauri mai tauri a tsakiya, mai laushi daga ciki. Na tsakiyar ki yanka shi daidai awo, ba tare da rarar ɗinki ba. Ki ɗora shi a bayan ulun, ki juyo bakin ulun a kansa ki kama da hannu, sannan ki kawo na cikin ki kalmashe bakinsa ki rufe da ƙananan ɗinki. Kowane ɓangare ki gama shi shi kaɗai, gaba daban, baya daban, kana ki haɗa su a gefe da kafaɗa. In wata rana kika ƙara jiki ko kika rame, gefen kawai za ki farke.

Rukayya A.: Baba wallahi haka aka samu a tsofaffin rigunan Turai da suka tsira. Ina kuka koya?

Baba Tela Fagge: A wurin mutanen da ba su da keke, 'yata. Wanda ke ɗinki da allura duk inda yake hanya ɗaya hannu ke nuna masa.

Sani Dizaina: Baba da girmanka, amma me ya sa za a wahalar da Anti? A manna gam mai kauri a bayan ulun, guga ɗaya an gama. Mu haka muke yi wa kwala da gaban kaftani kuma ba wanda ya dawo da kaya.

Baba Tela Fagge: Kwala ba ta lanƙwasa a ƙugu sau ɗari a yini. Gam yana sa yadi ya sandare, ba ya hana shi tsagewa a bakin rami. Ga zufa, ga tururin guga, wata rana za ka ga ya saki a wuri-wuri ya yi ƙuraje, kuma in ya yi haka a kan ulu ba gyara. Yadin Hajiya Ummu mai tsada ne. Kada a kashe shi da gam na naira kaɗan.

Sani Dizaina: To na ji. Amma lokaci ma kuɗi ne Baba. Ni dai in nawa ne, dogayen ɗinkin buje keke zai yi su.

Baba Tela Fagge: Wannan ban hana ba. Abin da ke ciki ba a gani, keke ya yi. Bakin wuya, bakin gaba da ƙasan buje, hannu.

Ummu Khalil: Alhamdulillah an sasanta. Saura maganar akoko. Zai iya zama na tsakiyar ko na cikin?

Rukayya A.: In tarihi za a bi sak, lilin ne. Ƙasar lilin kike zaune Anti. A kogin Leie, wanda ya ratso Kortrijk ya zo ya haɗu da kogin Schelde a nan Gent ɗinku, aka yi suna wajen jiƙa karan da ake fitar da zaren lilin, har yanzu akwai gidan tarihinsa a Kortrijk, sunansa Texture. Ga talakan Filandas na 1560 lilin shi ne yadin yau da kullum: shimi, ɗankwali, zanin gado, buhu. Auduga ita ce baƙuwa. Tana zuwa ta hannun 'yan kasuwar Venis, kuma yawanci ba a saƙa ta ita kaɗai, sai a haɗa ta da zaren lilin a yi wani yadi mai araha da garuruwan Augsburg da Ulm na Jamus suka shahara da shi, ana kuma yin shafi da shi sosai. Yadin auduga zalla sai a ƙarni na 17 ya yawaita, da jiragen Indiya suka fara sauke shi. To yau abin ya juye, audugar ce ta talaka.

Hajiya Mai Yadi: Ni a matsayina ta mai sayarwa ga abin da zan ce. Akoko mai kyau, mai cikakkiyar saƙa, ba wannan shara-sharan da ake cika wa sitaci ba, zai yi na ciki. Amma ba zai yi na tsakiya ba, bai da ƙarfin. Sannan akwai bambanci ɗaya da jiki ke ji: auduga in ta sha zufa tana riƙe ta ta manne, lilin yana sha ya bushe da wuri. Ƙanwata, jikin riga nawa yake ci? Rabin mita na mai kauri, rabin mita zuwa mita ɗaya na mai laushi. A nan ba a tsumulmula. Ki sayi lilin ɗin na jiki, inda za ki yi tattali shi ne buje.

Ummu Khalil: Gaskiya ne Hajiya, da na lissafa mita 4 ne ya tsorata ni, ban raba su ba.

Hajiya Mai Yadi: Kuma kowanne kika saya ki wanke shi da ruwan zafi kafin almakashi ya taɓa shi. Lilin yana shigewa, akoko ya fi shi. In kika ɗinka a bushe, wankin farko cikin zai tsuke ya tattaro ulun. Shi ulun kada ki jefa shi a inji, ki shimfiɗa masa tsumma mai ɗanshi ki bi shi da guga, tururin ya isa.

Hadiza Maraɗi: Ba wanda ya yi maganar zafi. Shimi, riga, rigar sama, kuma a ƙara ulu a cikin ulu, a watan Yuli? Kada ku ce Turai ce. A Yulin 2019 Beljiyam ta haura digiri 41.

Rukayya A.: Haka ne, kuma matan zanen a wani yanayi suka rayu. Lokacin sanyi ya fi na yanzu tsanani, a hunturun 1564 zuwa 1565 kogin Schelde daskarewa ya yi a Antwaf har mutane suna tafiya a kansa. Gidajensu kuma murhu ɗaya ne. Shafin ulu a wurinsu bargo ne.

Hadiza Maraɗi: To shi ya sa ni nake ganin a bar bujen ba shafi sam. A kalmashe baki a wuce wurin. Matar da ke tallan albasa ba lallai tana da kuɗin yadi biyu ba.

Baba Tela Fagge: Ana iyawa, in ulun mai kyau ne ciki da waje. Amma in ta ɗage za a ga duk haɗin ɗinki a fili. Ni shawarata tsaka-tsaki, wadda na fara faɗa. Fallayen gaba biyu, na dama da na hagu, a shafe su daga ƙugu har ƙasa, don su ne ke juyowa. Bayan buje kuma a bi bakinsa kawai da shafi mai faɗin kamar kamu biyu. Daga nan zuwa ƙugu a bar shi falle ɗaya, iska ta samu hanya. Tattarar baya ma za ta fi kwanciya, don in kika tattara ulu biyu a ƙugu ɗaya za ki ga tudun da allura ba ta ratsawa.

Rukayya A.: Kuma akwai ulun da ya dace da wannan a tarihin ma. Ba duk ulun Filandas ne mai kauri irin na Ypres da Gent na zamanin da ba. A ƙarni na 16 garin Hondschoote, wanda yanzu yake cikin Faransa, arzikinsa gaba ɗaya a kan wani ulu marar nauyi mai araha yake, ana fitar da shi ta Antwaf zuwa ƙasashe. Mafi kusa da shi yau shi ne ulun kwat na bazara, mai santsin fuska, marar gashi. Ki guji mai ƙyalli kawai.

Sani Dizaina: Siliki fa? Ba nauyi, ba zafi, ga kyau.

Rukayya A.: Kyau kam akwai, amma ba na mai kayan lambu ba ne. Sarki Charles na Biyar, wanda a Gent ɗin nan ma aka haife shi a 1500, ya yi dokokin da suka taƙaita wa ƙananan mutane sa siliki da karan-miski. Ko ba doka ma kuɗinsa ya isa ya hana. In Anti ta fito da siliki a cikin buje, matar attajiri ce ta ɓata hanya ta shigo kasuwa.

Ummu Khalil: To ga inda na tsaya. Jiki: lilin mai kauri a tsakiya, mai laushi a ciki. Buje: yadda Baba ya ce, da ulu marar nauyi. Na leƙa wani shago ɗazu na samo ƙyalle biyu na gwaji, ja da kore. Zuciyata tana kan jan.

Hajiya Mai Yadi: Dakata da zuciyar tukuna. Jiƙa ƙyallen, ki matse, ki sa shi tsakanin farin tsumma ninki biyu, ki danna masa guga mai zafi. In tsumman ya ɗauki launi, to haka zai yi wa farin gyauton da za ki ɗaura a gaba da hannun shiminki ranar da kika yi zufa ko aka yi yayyafi, kuma Beljiyam ba a rasa yayyafi. Ja ne ya fi zuba. Wanda ke tunanin aika lilin Ƙofar Mata a rina masa shuɗi ma ya sani, kyau kam zai yi, kuma ya dace da zamanin, amma shuni yana goga, sai an ɗauraye shi sosai.

Hadiza Maraɗi: Ɗan abin rufe ƙirji da kafaɗa da suke ɗorawa a sama fa, baƙin nan? Na ga kamar shi zai fi yi miki amfani, tunda wuyan rigar a buɗe yake.

Ummu Khalil: Shi ne ma ya sa na karɓi matsayin, Yaya. Da shi da farin ɗankwalin lilin, shigar ta rufe ni tsaf. Baƙin ulu zan yi, in shafe cikinsa da farin lilin don kada ya ci mini wuya.

Ummu Khalil: Hajiya na gwada. Jan ya zuba, tsumman ya koma ruwan hoda. Koren bai yi komai ba.

Hajiya Mai Yadi: To kin gani. Kore a kan ruwan ƙasa ma ya fi zama.

Sani Dizaina: Mai kabeji da koren shafi. Ai shi ke nan, talla ta yi kanta.

Ummu Khalil: Baba tambaya ta ƙarshe kafin in yanka. Ramukan igiya, in buga na ƙarfe irin na takalmi?

Baba Tela Fagge: Kada ki buga. Yanke zare suke, kuma Rukayya za ta ce miki ba na zamanin ba ne. Ki huda da tsinke mai kauri yadda zaren zai buɗe ba tare da ya tsinke ba, ki zagaye ramin da zare mai ƙarfi. Ko ki ɗinka ƙananan zobba daga ciki, amma allurar ta kama lilin na tsakiyar, ba ulun kaɗai ba. In kin haɗa bujen da shafinsa kada ki yi saurin kalmasa. Rataye shi kwana biyu, kowanne ya sauka iyakar saukarsa, sannan ki sa takalmin da za ki sa ranar, ki tsaya, wani ya zagaye ki da alli.